Aikatau Marar Aiki: Abin da Ya Faru a Wani Aji Huɗu a Kano

Ta saman bango na fara jin wannan matsala, tun kafin mai ita ta kawo mini da bakinta. Bangon da ya raba aji huɗu da aji biyar a makarantarmu bai kai rufi ba, saboda haka duk abin da aka rera a can, mu ma muna samun rabonmu kyauta. Sati guda cur, kowace safiya, murya sama da tamanin ke tashi a haɗe: "A verb is a doing word!" Wato aikatau kalma ce ta aiki. Malama ta ce jump, ajin ya yi tsalle har ƙura ta tashi. Ta ce clap, a kaure da tafi. Ta ce sleep, kowa ya kifa kai a benci ana minsharin ƙarya. Yara na son irin wannan darasi, ni ma ba na ƙinsa, don yana zama a kai.

A sati na biyu sai na ji tsit.

Manhaja ce ta kawo su kan is da am da are. Malama ta rubuta "Audu is tall" a allo, ta ce kowa ya kwafa ya ja layi a ƙarƙashin aikatau. Wasu suka ja a ƙarƙashin tall, wasu a ƙarƙashin Audu, masu wayo kuma suka ja dogon layi ɗaya tun daga farkon jimlar har ƙarshenta, wai ko ina amsar take sun taɓa ta. Da ta ce musu is ce amsar, sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu.

"Malama, to yaya ake yin is ɗin? Ki ce mu yi."

Ajin ya fashe da dariya, ita kuwa ta rasa ta cewa. Yaron bai yi rashin kunya ba. Kwana biyar ana gaya masa cewa duk aikatau abu ne da ake yi da jiki, ga shi an kawo masa wanda ba tsalle ba tafi. Abin ban dariyar ma, jimlar da suka kwana biyar suna rerawa tana ɗauke da is a tsakiyarta, ba wanda ya lura da ita.

Makarantar ta gwamnati ce, a wata unguwa da ke bayan ganuwa. Zango na biyu ne, hunturu na tsaka. Malamar tana da NCE, takardar da ita ce mafi ƙanƙanta da aka yarda a koyar da ita a Najeriya, kuma shekararta ta biyu ke nan a aiki. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Rajistarta ta ninka haka har da ɗoriya. Littafin Turanci kuwa, ranar da aka yi sa'a benci ɗaya ya samu kwafi ɗaya. Darasi minti 35 ne, kana cire lokacin raba faɗa da neman alli ka ga abin da ya rage.

Aji huɗu kuma ba kamar sauran azuzuwa ba ne. Tun bugun farko na manufar ilmi a 1977 aka ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankinsa, bugun 2004 ya fayyace cewa shekara ukun farko ake nufi, daga ta huɗu sai Turanci ya fara karɓar ragama. A 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da tsawaita harshen uwa zuwa shekara shida, amma mu a aji ba mu ga littafin da ya canza ba. Yaron aji huɗu dai a bakin kogi yake tsaye, ana ce masa ya tsallaka.

Ni malamin aji biyar ne, amma Hausa na karanta a kwalejin ilmi, kuma ni ke ɗaukar darasin Hausa na manyan azuzuwa. Shi ya sa ranar da aka fita tara ta same ni a gindin darbejiya da tulin littattafan yara a hannu.

"Malam, don Allah ku duba mini waɗannan. Na yi bayani har muryata ta dishe, amma kamar ina zuba ruwa a kwando."

Aikin da ta ba su mai sauƙi ne, kowa ya rubuta jimla biyar game da kansa. Na buɗe na farko: "My name Hauwa." Na biyu: "I have nine years." Wani ya rubuta "The water has cold," wata ta ce "I am have a brother," wani kuma "I tired." Jan biro ya cika shafukan. Amma da na karanta goma, ashirin, sai na ga ba shirme suke yi ba. Kowane kuskure in ka cire masa rigar Turanci, lafiyayyiyar Hausa za ka tarar a ciki. Sunana Hauwa: ina aikatau a nan? Babu, kuma jimlar ta cika. Ina da shekara tara. Ruwan yana da sanyi. Na gaji. Yaran nan fassara suke yi kalma da kalma, kuma a gaskiya sun iya fassarar.

Ga inda gizo ke saƙar. Turanci ba ya yarda da jimla marar aikatau. Ko ba a yin komai, sai an dasa wata kalma tsakanin wanda ake magana a kansa da abin da ake faɗa game da shi. Wannan kalma ba ta ɗauke da aiki, haɗi kawai take yi, shi ya sa masu nahawun Turanci suke kiran irinta aikatau mai haɗi. Babbarsu ita ce be, wadda ke da kama takwas: be, am, is, are, was, were, been, being. Sai ƙannenta irin su become da seem da look da feel da taste da smell. Hausa kuwa ba ta da kalma ɗaya tilo da ke wannan aiki duka. Ta raba shi gida-gida, kowane da ƙofarsa.

A ranar ban tsaya na yi wannan dogon tunani ba. Na yi gaggawa, kuma gaggawar ta jawo mana asarar sati guda.

Na ce mata, "Malama, ai abin mai sauƙi ne. Ki gaya musu is ita ce ne. Audu dogo ne, Audu is tall. Shi ke nan."

A nahawun Hausa ne da ce sunansu dirka, aron sunan itacen nan mai baki biyu da ake tokare rufi da shi. Na ga ai is ma tokare jimla take yi, me ya rage? Kwana biyu abin ya yi kamar ya ci. A rana ta uku wata yarinya da ke zama kusa da taga ta yi tambayar da duk mai jin Hausa zai yi:

"Malama, in is ce ne, mece ce ce?"

Kafin Malama ta ba da amsa wasu sun riga sun yanke wa kansu hukunci. Tunda allo na ɗauke da is da are, to is ta maza ce, are ta mata. Littattafan ranar sun zo da "Hauwa are tall" rututu. Bayan haka sai ga "The boys is tall," don a Hausa jam'i ma ne yake ɗauka: yaran dogaye ne. Sai "I is a pupil," don ni ɗalibi ne. Wasu kaɗan ma suka kai is ƙarshen jimla, inda dirka ke zama: "Audu tall is."

Da na zauna da dare na auna, sai na ga yadda yankan harsunan biyu ya saɓa. Hausa jinsi take dubawa, ce ga mace tilo, ne ga namiji da jam'i. Basakkwace zai ce dogo na, doguwa ta, amma rabon ɗaya ne; a Hausar zango ta Ghana kuma ne ake sa wa kowa. Turanci bai damu da mace ko namiji ba a nan. Adadi yake dubawa da kuma wanda ke magana: am ga mai magana, is ga tilo, are ga jam'i da wanda ake yi wa magana. Ka ɗora wannan a kan wancan, ba inda layukansu suka haɗu. Na ba yaran mabuɗin da ke buɗe ƙofa ɗaya ya karye a ta biyu.

Washegari na ce mata laifin nawa ne. Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, ai da ku da ni duk neman mafita muke."

Muna cikin haka sai Ustazu, malamin Larabci da addini, ya jawo kujerarsa. Ya saurara ya saurara, can ya ce wannan ai tsohuwar magana ce a wurinsu. A Larabci ma jimlar suna ba ta neman aikatau, mubtada'i ne da habari kawai, wato wanda ake magana a kansa da abin da ake faɗa game da shi: Zaidun ƙa'imun, Zaidu a tsaye yake. Sai in ana son a nuna lokaci ko canjin hali ake kawo kana da 'yan'uwanta, su goma sha uku a ƙidayar da ya haddace yana yaro, cikinsu har da sara, wadda ita ce zama a Hausa. Ya ce malaman nahawu suna kiransu tauyayyun aikatau, don ba sa cika magana su kaɗai, sai an kawo musu habari.

Kalmar nan tauyayye ita ta buɗe mana hanya. Ashe da Hausa da Larabci, harsuna biyun da suka fi shiga kunnen yaron nan daga gida zuwa Islamiyya, duk suna barin jimla ta tsaya ba aikatau. Turanci ne baƙo a wannan fage, ba yaron ba.

Abu na farko da Malama ta yi shi ne ta ajiye kalmar verb gefe har sati biyu. Ta shigo ran Litinin ta ce, "Audu jumps," ta yi shiru. Ba wanda ya ce uffan. Sai ta ce, "Audu is," ta sake yin shiru tana kallon rufi. Aka ɗan jima, sai wani ya kasa haƙuri:

"Is me, Malama?"

Ta ce, "Yawwa! Abin da nake jira ke nan." Ta nuna musu akwai kalmar da in ka faɗe ta magana ta ƙare, akwai kuma wadda ke barin mai sauraro da baki buɗe, sai an cika masa. Daga nan abin ya zama wasa. Ta ce "The goat is," benci-benci ana cikawa: black, fat, hungry, in the market. Ba a taɓa biro ba a ranar.

Sai kwali. Ta roƙi mai kanti na bakin makaranta ya ba ta kwalayen taliya da na sabulu, ta yayyanka, ta rubuta kalmomi da manyan baƙaƙe. Yara uku suka fito gaban aji, ɗaya riƙe da Audu, ɗaya da dogo, ɗaya da ne. Aka karanta tare: Audu dogo ne. Ta ce to yanzu za mu tafi Ingila. Mai riƙe da dogo ya juya kwalinsa, ga tall a baya. Mai riƙe da ne kuwa ba a nan take zai juya ba, sai ya taka daga ƙarshen layi, ya kutsa tsakanin abokansa biyu, ya dafa kafaɗar kowannensu, sannan ya juya kwalin a ga is. Wannan 'yar tafiya ta taku uku ta yi abin da bayanin sati guda bai yi ba. "Audu tall is" ba ta sake fitowa ba.

Da aka zo kan Hauwa doguwa ce, an fito da yarinya riƙe da ce. Ta taka zuwa tsakiya, ta juya kwali, sai ga is, irin ta Audu sak. Ajin ya ɗauki "Laaa!" 'Yar bakin tagar nan ta ce, "Ashe su Turawa ba su san mace ba." Sannan aka fito da yara biyar a matsayin the boys, mai ne ya juya nasa, a wannan karon are ce a baya. Malama ta tanadi kwalin ne iri biyu, kuma da gangan ta bar su suka yi gardama a kan dalili har suka gano da kansu cewa yawa ake dubawa.

A nan ne yaron bencin baya, mai tambayar yadda ake yin is, ya raɗa wa kalmar sunan da ya bi ta har ƙarshen zango. Yana bin babansa kasuwar dabbobi ran Lahadi. Ya ce, "Malama, ashe dillali ne. Ba shi da akuya, ba shi da kuɗi, haɗa mutane kawai yake." Tun daga ranar, in wani ya rubuta "My name Hauwa," ba sai Malama ta ɗaga jan biro ba, na kusa da shi zai zungure shi ya ce, "Ina dillalinka?" Na ji sunaye da yawa da ake ba wannan kalma a taron horar da malamai, gada ce, sarƙa ce, alamar daidai ce ta lissafi. Ban ji wanda ya kai na yaron nan ba, don ya amsa ainihin tambayar da ta dame su, wato yadda abu zai zama yana da aiki alhali ba a ganin yana yin komai.

Sauran aikin shi ne tattaro ƙofofin Hausa. Malama ta zana da'ira babba a allo ta ce ganuwa ce, ta rubuta am da is da are a ciki. Ta ce wani ta Ƙofar Mata yake shiga birni, wani ta Ƙofar Nasarawa, wani ta Kabuga, amma duk birni ɗaya ake shiga. Kowace rana sai a buɗe ƙofa guda. Ƙofar ne da ce an riga an san ta. Ƙofar wuri: Inna tana gida. Ƙofar akwai: akwai ruwa a randa. Ƙofar ji: ina jin yunwa, ina jin tsoro. Ƙofar abin da ya riga ya auku ya zama hali: na gaji, ya tsufa, ta warke. Sai wadda yaran suka fi so, ƙofar da ba ƙyaure, inda Hausa ba ta sa komai: sunana Hauwa, shekarata tara.

Wadda ta ba da wuya ita ce ƙofar yana da. Yana da keke, has ce. Yana da nauyi, is ce. A kunnen Bahaushe gini ɗaya ne, ba abin da ya raba su. Hausa tana da siffofi irin su dogo da fari da babba, amma ga nauyi da sanyi da zafi da tsada da daɗi, suna take amfani da shi, sai ta ce abu yana da shi. Turanci kuma siffa yake sawa a bayan dillali. Mun daɗe a gindin darbejiya muna neman ma'aunin da yaro ɗan shekara tara zai iya riƙewa, har muka faɗa kan ɓarawo. In ɓarawo zai iya sace abin ya gudu da shi, has ce. In ba zai iya ba, is ce. Keke? A sace. Nauyi? Wa zai saci nauyin buhu ya bar buhun? Shekara tara? Ba mai iya sata, saboda haka "I am nine." Ajin ya so wannan ƙwarai, har ana gardamar ko za a iya sace ƙanen mutum.

Ma'aunin yana yoyo, ban ɓoye ba. Ciwon kai ba ya satuwa, amma Bature has yake cewa. Da aka zo nan Malama ta ce musu kowane harshe da nasa taurin kai, a haddace wannan kawai. Wani abokina da ke koyarwa a Maraɗi ya taɓa gaya mini cewa su a can ba su da wannan ciwon sosai, don Faransanci ma ina da shekara tara yake cewa, ina da yunwa, ina da sanyi. Nasu rikicin a wani wuri yake.

Darasin da ba zan manta ba shi ne na tsamiya, don ranar na bar ajina da aiki na zo na tsaya a bakin ƙofa. Manhaja ta kawo taste da smell da look, kalmomin da wani lokaci aiki ne, wani lokaci haɗi. Littafin jagoran malami ya ba da shawarar a gwada maye gurbinsu da is, in jimlar ta zauna to haɗi ne. Dabarar tana aiki, amma sai ga wanda kunnensa ya riga ya san zaman jimlar Turanci, abin da yaranmu ba su kai ba tukuna. Malama ta zo da tsamiya a leda da ƙullin daddawa. Ta kira 'yar bakin taga ta ba ta tsamiya. Yarinyar ta lasa, ta runtse ido, ta yamutsa fuska, ajin na ta ƙyalƙyala. Malama ta rubuta jimla biyu a allo, "Hauwa tastes the tamarind" da "The tamarind tastes sour," ta ce a faɗe su da Hausa.

Ta farko ba gardama: Hauwa tana ɗanɗana tsamiya. Ta biyu wani ya yi wuf ya ce, "Tsamiya tana ɗanɗana tsami."

"Tsamiya tana da harshe ne?" in ji Malama.

Aka sake fashewa. Can wata ta ce, "Tsamiya tana da tsami." Malama ta nuna zanen ganuwa da ke gefen allo ba ta ce komai ba, sai ga hannuwa sama: ƙofar yana da ce, ɓarawo ba ya satar tsami, dillali ne! Aka kwance daddawa, warinta ya cika ajin, na gaba suna toshe hanci. Yaro yana sansana daddawa, aiki ne. Daddawa tana wari, ita ba ta da hanci. A wannan gaɓa Hausa ta fi Turanci fayyace magana, don kalma biyu take da su inda shi yake da ɗaya: ɗanɗana daban, yin tsami daban, duba daban, kama da daban. Yaron da zai iya mayar da jimla Hausa yana da ma'aunin da ɗan Ingila ba shi da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin da littattafanmu ke bi bai dace da mu ba. Yaron da aka haifa cikin Turanci, tun kafin ya shiga makaranta yana cewa "I am hungry" daidai. Abin da malamarsa za ta koya masa suna ne kawai, ta ce wannan da kake faɗa ga yadda ake kiransa. Namu yaron bai da abin a bakinsa, sai mu fara masa da sunan, mu ce ya ja layi. Sunan rukunin kalma malami ne ya wajaba ya sani. Ɗan aji huɗu ya fara iya faɗa tukuna.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Wata safiya mahaifin wani yaro ya zo ofishin hedimasta, aka kira Malama, ni ma aka kira ni.

"Malam Hedimasta, ni Turanci na kawo yaro ya koya. Jiya na tambaye shi me aka yi, ya ce mini ƙofar Kabuga da dillali. Hausa ai muna da ita a gida har ta yi mana yawa."

Hedimasta ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ba mu zuwa ƙarshen zango."

Bayan ya tafi na ce maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Na lura a wasu ranakun darasin Turanci yakan ƙare yaran sun yi muhawara mai daɗi da Hausa, amma jimlolin Turanci da suka fita daga bakinsu ba su kai biyar ba. Masu kare harshen uwa sukan kawo gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida kuma ba su zama koma baya a Turanci ba. Gaskiya ne. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne a ajin gwajin an ware ƙwararren malamin Turanci, yaran suna jin harshen da kyau kowace rana. Saboda haka muka yi yarjejeniya: minti goman farko na Hausa ne da kwali, sauran kuwa ba mai buɗe baki sai da Turanci. Bibbiyu suke juyawa su tambayi juna, "Are you hungry?" "Yes, I am." "Is your brother tall?" Hayaniyar ta dame ni ta saman bango, amma hayaniyar Turanci ce.

Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, Malama ta sake ba su aikin nan na jimla biyar game da kai, muka zauna muka duba tare. Jimla marar dillali ta yi ƙaranci ƙwarai. Are ta daina zama ta mata. "Has cold" da "have nine years" sun ragu, ko da yake suna leƙowa a bencin da yaransa suka fi fashi, musamman 'yan matan da talla ke cinye musu safiya. Am ta zauna daram, wataƙila don kowa na son maganar kansa.

Amma mun sayi wani sabon ciwo da kuɗinmu. Yaran sun ƙaunaci dillali har suna kai shi inda ba a gayyace shi ba. "He is go to market." "I am eat tuwo." Da na bi sawun abin, sai na ga daga ganuwarmu ya fito. Mun ce yana gida is ce, to me zai hana yana tafiya? Mun ce na gaji am ce, to na ci fa? A Turanci is ɗin da ke cikin "is going" wata hula ce daban ta saka, taimakon wani aikatau take yi, kuma dole a liƙa masa ing a wutsiya. Ba mu tanadi ƙofa ga wannan ba. Yaron bencin baya, da aka nuna masa, cewa ya yi wannan ba dillali ba ne, ɗan dako ne. Malama ta rubuta sunan a bayan littafinta na shirin darasi, ta ce sai an dawo hutu.

Zango na uku kuma was da were ne ke jiransu. Dirkar Hausa ba ruwanta da lokaci: kakana maƙeri ne, ko yana maƙera yanzu ko ya shekara ashirin a ƙasa. Ranar da aka ba da hutu na tarar da ita a aji tana tattara kwalayen, wasu sun yage, wasu gara ta fara lasa. Ta ɗaga na ne, ta juya shi ga is, ta sake juyawa.

"Malam, kwali fuska biyu gare shi. Was ɗin a ina zan rubuta ta?"